Ƙusoshin Tagulla na Nkweto Kapambwe

Shekara talatin da huɗu na yi ina aikin akawu a ofishin ma'aikata na kamfanin tagulla da ke garinmu, kuma a tsawon wannan lokaci na buga hatimi a kan takardu masu yawa da ban karanta ba. Guda ɗaya da na karanta daga farko har ƙarshe, na kuma yaba da tsabtar rubutunta, ita ce ta raba ni da abokina. Takardar izinin fita da kaya ce ta babbar ƙofa. Abin da aka rubuta a kanta shi ne: ƙusoshin tagulla masu hula, gwangwani biyu, kyautar sallama ga Nkweto Kapambwe na ɗakin tankuna.

Ɗakin tankuna doguwar rumfa ce da aka jera tankunan asid shuɗi a cikinta. Ana rataya faranti-faranti a cikin ruwan, a sakar musu wutar lantarki kwana da kwanaki, har tagullar da ke narke a ruwan ta fito ta kwanta a jikinsu. Aikin Nkweto shi ne ya bi ta kan farantan yana shafa su da bayan hannu, yana neman wanda ya yi zafi, domin zafi alama ce ta faranti biyu sun taɓa juna wuta tana zurarewa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wannan. Asid ya cinye masa wanduna ba adadi, ya kuma rage masa haƙoran gaba. Idan ana gardama a kan tagulla a mashaya ko a bakin coci, da zarar ya yi magana an rufe babin.

Ni sunana Mabvuto Jere, ɗan ƙabilar Ngoni ne daga gabas. Shi ɗan Bemba ne daga arewa. Kakanninmu sun yi yaƙi babu wanda ya ci, sai suka bar mana zagi a matsayin gado, wato wasan nan na taubasai da muke kira chimbuya. Yana ce mini Maci-ɓera, ina ce masa Maci-biri. Tun ranar da ya fara zuwa tagata neman takardar hutu ban taɓa yi masa magana ɗaya miƙaƙƙiya ba, shi ma haka, kuma mun ɗauki wannan a matsayin cikar abota.

Al'ada ce a ɗakin tankuna, duk wanda ya wuce shekara talatin zai yi ritaya, kamfani ya ba shi guntun farantin ƙarshe da ya fito a hannunsa, maƙeran wurin aiki su ƙera masa abin da yake so. Yawanci agogon bango suke nema mai siffar taswirar ƙasa, ko tire na ajiye kofi. Nkweto ya ce shi ƙusa yake so.

Dalilinsa ba na wauta ba ne. A lokacin kamfani ya sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki, shi kuwa nasa a Sashe na Bakwai rufinsa tsohon asbesto ne duk ya tsattsage. Matarsa Chanshi ta ƙarar da damunan aurenta tana jan kwanuka daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana yi mata alkawarin sabon rufi, har ta rasu saura shekara guda ya bar aiki. An binne ta a maƙabartar bayan coci, aka bar masa wuri a gefenta. Kowace Lahadi bayan sujada yakan tafi da tsintsiya ya share wurin, nata da nasa. To, a garinmu akwai senta, hayaƙin farar wuta da ke fitowa daga matoyar kamfani. Idan ruwan sama ya ratso ta cikinsa yakan sauko da tsami, ƙusar ƙarfe ba ta wuce damuna biyu sai ta yi tsatsa ta zubo da jan hawaye a kan kwano. Nkweto ya sayi sabon kwano fari tas, ya ce tsatsa ba za ta hau rufin Chanshi ba. Tagulla ba ta tsatsa. Wannan kowa ya sani, ni ma na sani, shi ya sa na buga hatimin ina murmushi.

Ranar da kafinta ya gama aka yi ɗan biki. An dama kunun munkoyo, an tuƙa tuwon nshima da kaza, mutanen ɗakin tankuna suka tsaya a titi suna kallon hulunan ƙusoshin suna walƙiya layi-layi kamar maɓallan rigar soja. 'Yarsa tilo, Lubuto, wadda ke koyar da ilmin sinadarai a wata sakandaren 'yan mata a Kabwe, ta iso da rana tsaka. Tun rasuwar uwarta take roƙonsa ya koma wurinta. Ta sauke jaka, ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta daɗe tana bin ƙusoshin da ido. Uban ya ɗauka sha'awa ce ta ɗaure mata baki.

"Kin gani ko, malama?" ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "To ki bar mini maganar Kabwe. Ga shaidu nan. Ranar da ɗigo ɗaya ya sauka a ɗakin nan, ki zo da mota ki kwashe ni, ba zan buɗe baki ba. Kafin nan, nan nake, kusa da uwarki."

Aka yi tafi. Ita ma ta yi, a hankali.

Washegari da hantsi ta zo gidana. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ciro abu biyu daga jakarta: guntun kwano da kafinta ya yanke ya yar, da ƙusa ɗaya ta tagulla.

"Baba Jere, ka yi mini alfarma ka fito da harshenka."

"'Yan Bemba kun fara duba haƙoran mutane kamar na akuya?"

"Ɗan lokaci ne kawai."

Ta ɗora mini bakin kwanon a gefe ɗaya na harshe, ƙusar a ɗaya gefen, ta haɗa kawunansu a waje suka taɓa juna. Nan take na ji wani tsami mai tsikari, irin na wanda ya lashi tsohon batir.

"Wuta ce ka ji," in ji ta.

"Wa ya kunna ta?"

"Babu wanda ya kunna. Matsalar ke nan."

Ta yi mini bayani irin na mai koyar da yara, ni kuwa na saurara irin na wanda ya ci jarrabawa shekara arba'in da suka wuce. Kwanon rufi, in ji ta, ƙarfe ne aka lulluɓe da tutiya. Duk inda ƙarfe iri biyu suka taɓa juna kuma ruwa ya jiƙa su, ɗaya yakan riƙa sakin ƙwayoyin lantarkinsa suna bi ta jikin ɗayan. Wanda ke saki shi ke narkewa. Tsakanin tutiya da tagulla, tutiya ce mai saki. Idan ta ƙare, sai ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya karɓi aikin. Ita tagullar ko gezau.

"A ɗakin tankuna Baba hawan tudu yake sa tagulla," ta ce. "Ba ta son fitowa daga ruwa, sai an tura ta da wuta, in an ɗauke wutar ta tsaya. Wannan kuwa gangara ce, Baba Jere. Abin da ke gangara ba ya jiran a tura shi. Kowace ƙusa a rufin nan ƙaramin batir ce, ruwan senta kuma shi ne ruwan batir ɗin."

"Mene ne magani?"

"A cire su kafin damuna, a sa ƙusoshi masu lulluɓin tutiya. Aikin kwana biyu ne. Kwanon bai lalace ba tukuna."

"To me ya hana ki gaya masa jiya?"

Ta dubi ƙasa. "Ni in gaya wa Baba bai san tagulla ba? Ina so ya dawo wurina, amma ba ta wannan hanya ba. Kai abokin wasansa ne, bakinka ba shi da hukunci. Sai dai ina roƙon kada ka ce daga gare ni ta fito."

Na karɓi saƙon kamar yadda na saba karɓar saƙo, na ce za a duba.

Da la'asar muka haɗu a gindin bishiyar mangwaron ƙofar gidansa, inda muke buga nsolo, darar nan tamu ta ramuka da duwatsu. Akwai tsofaffi uku a kan benci suna kallo. Mai hankali zai jira su watse. Ni kuwa ban san wata hanyar yi wa Nkweto magana ba sai a gaban masu dariya.

"Maci-biri," na ce, ina zuba duwatsu, "an ce ƙusoshin nan naka za su cinye kwanon."

"Da miya ko gaya?"

"Ba wasa nake ba. Tagulla da tutiya ba sa zama wuri ɗaya in akwai ruwa. Wuta ke tashi tsakaninsu."

"Kun ji?" Ya juya ga masu benci. "Wuta a rufina. Gobe sai ku kawo rediyonku ku jona. Kalaliki, akawun ofis, kai da guduma ba ta taɓa sanin tafin hannunka ba, abin da ka fi ɗauka mai nauyi shi ne hatimi, yau kai ne malamin tagulla?"

"Na ɗanɗana da harshena."

Wannan ita ta kashe maganar. Ɗaya daga cikin tsofaffin har sai da ya sauka daga benci don dariya.

"Ɓeraye sun ƙare a gabas, ya koma lasar rufin mutane," in ji Nkweto, yana share ido. "Ku ɗaure karnukanku."

Na ajiye duwatsun na gyara zama, na sake faɗa masa a natse, kalma bayan kalma, cewa ya cire ƙusoshin kafin ruwa ya sauka. Ya dube ni da sha'awa ta gaskiya.

"Dubi fuskarsa don Allah. Har ya iya fuskar fasto. Shekara talatin ina wasa da mutumin nan, bai taɓa yin mai kyau kamar wannan ba."

Na rubuta wa Lubuto cewa an isar da saƙo, kuma an karɓa. A ƙa'idar ofis babu ƙarya a cikin wannan jimla.

Damunar farko ba abin da ya faru, kuma duk ranar da aka yi ruwa sai ya aiko a tambaye ni ko na ga wuta. A ta biyu wani farin gari kamar gishiri ya kewaye hular kowace ƙusa. Ya ce ƙurar senta ce. A ta uku farin ya zama jan zobe. A ta huɗu na shiga gidan wata safiya ban yi sallama ba, na tarar da kwanukan Chanshi, waɗanda ya rantse ya jefar, a jere a tsakar ɗaki, bakwai, kowanne da nasa sautin.

"Kwanon zamani ne," ya ce, bai dube ni ba. "Ba shi da kauri. Takarda ce suke sayar wa mutane."

"Haka ne," na ce.

"Yarinyar nan ba sai ta ji ba."

A nan ne laifina na biyu ya fara, kuma ya fi na farko tsari. Ni na riƙe masa tsani yana hawa da gwangwanin kwalta yana toshe ramuka. Ni na kawo farar ƙasa muka shafe tabon ruwa a silin. Ni na ba shi shawarar ya riƙa zuwa Kabwe yin Kirsimeti, don kada ita ta zo cikin damuna, ta riƙa zuwa a hutun Agusta lokacin da sama ta bushe. Duk wasiƙar da ta rubuto mini tana ƙarewa da tambaya ɗaya, ni kuma amsata ɗaya ce: rufi lafiya. Zan iya cewa don shi na yi, don ya zauna kusa da matarsa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma masu bencin nan uku biyu sun mutu, ɗaya ya koma ƙauye, kuma nsolo ba a buga ta da mutum ɗaya.

A damuna ta biyar, cikin watan Nuwamba, wajen ƙarfe uku na rana, muna baranda da allon nsolo tsakaninmu hadari ya taso daga yamma. Iskar da ke gabansa ba ta fi wadda muka saba gani ba. Rufin maƙwabta, da ƙusoshinsu masu tsatsa, ko motsi bai yi ba. Namu kuwa sai muka ji ƙara kamar ana yage sabon yadi. Fallen farko ya ɗaga ya tafi, na biyu ya bi shi, sauran suka bi a jere cikin ladabi, kamar ma'aikata a ƙofar fita. Ramin da ke kewaye da kowace ƙusa ya riga ya kai faɗin bakin kwalba, ba abin da ke riƙe da kwanon sai kwalta da nauyinsa. Sannan ruwan ya sauko, a kan gado, a kan akwatin kayan Chanshi, a kan hoton aurensu.

Bai fi rabin sa'a ba ya ɗauke, rana ta fito. Muka tsaya a tsakar gida a jiƙe muna kallon sama. Katakon rufin na nan tsirara, a kansa kuma ƙusoshin na tsaye layi-layi da hulunansu, babu wadda ta lanƙwashe, babu wadda ta rage.

Nkweto ya daɗe yana kallonsu.

"Shekarata ta biyu a ɗakin tankuna," ya ce, "sufana ta kuɓuce mini ta faɗa cikin tanki. Na ji tsoron faɗa wa shugaban aiki. Bayan kwana biyu na zaƙulo ta da ƙugiya. Ta fito ja wur, tagulla ta lulluɓe ta, gwanin kyau. Ina matsa ta a hannu ta ruguje. Ƙarfen ciki ya tafi." Ya goge ruwa daga fuskarsa. "Na san wannan tun ban yi gemu ba, Jere. Na koya wa yara sun fi ɗari kada su bar ƙarfe kusa da ita."

Rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

"Ranar nan a gindin mangwaro," ya ce, "Lubuto ce ta aiko ka?"

"Ita ce."

"Me ya sa ba ka ce ita ce ba?"

"Ta roƙe ni kada in faɗa."

Ya gyaɗa kai. "Da ka ce ita ce, da na zage ta a gaban mutane, washegari in cire su."

Ya ce in je gidan waya in kira ta.

Ta iso a rana ta uku da motar ɗaukar kaya. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, sannan ta ce, "Baba Jere, ka ce rufi lafiya." Ba ta jira amsa ba, abin da na ɗauka a matsayin rangwame. Ta zagaya gidan, ta dawo ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, katakon bai lalace ba. Za mu sake rufawa, ka zauna abinka. Maganar ranar biki wasa ce, babu wanda ya riƙe ta."

"Ni na riƙe ta," ya ce. "A gaban mutanen ɗakin tankuna na faɗa. In zauna su riƙa wucewa suna ɗaga kai? Ɗauko akwatin uwarki."

Ta roƙe shi, ni ma na sa baki, a karo na biyu a rayuwata ina yi masa magana miƙaƙƙiya. Wannan karon bai yi dariya ba, bai kuma saurara ba. Ya sa direba ya tsaya a bayan coci, ya shiga shi kaɗai, ya fito bayan ɗan lokaci ya miƙo mini tsintsiyar.

"Nata kawai," ya ce. "Ɗayan ka bar shi. Kuma kada ka cinye ɓerayen wurin, suna taya ta hira."

Wata goma sha huɗu ya yi a Kabwe, a ɗakin baya mai taga ɗaya da ke kallon katanga. Da ya rasu, dangi suka zauna suka ga hanya da nisa, damuna kuma ta yi tsakiya, aka binne shi a can. Na je, domin jana'izar ɗan Bemba ba ta cika sai da ɗan Ngoni. Aikinmu ne mu bi masu makoki muna shafa musu garin masara a fuska, muna zagin mamacin har a sami wanda zai yi dariya. Na yi aikina. Na ce birai sun huta, na ce mutumin da ya rufa gida da batir ya tafi ba da bayani. An yi dariya sosai. Lubuto ta tsaya na shafa mata garin, ba ta kauce ba, ba ta kuma dube ni ba.

Wurin da aka bar masa a gefen Chanshi, bayan shekara biyu hukumar coci ta ba wa wani direban bas da ban sani ba. Ina share nata kowace Lahadi, da yake tsintsiya ba ta san iyaka ba nakan haɗa da na direban. Gidan kuma wani malamin asibiti ya saya, ya rufa shi da ƙusoshin kasuwa, yanzu jan hawaye na zuba a kan kwanon kamar na kowa, ba ya kuma yoyo. Masu sayen tsofaffin ƙarafa ne suka zare na Nkweto tun kafin a sayar. Wadda Lubuto ta ɗora mini a harshe tana nan a kan teburina, ina danne takardu da ita. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ba ta yi tsatsa ba. A wannan batu dai Nkweto ne mai gaskiya.